Ranar da Muryar Kakata Ta Ƙi Fita

Jiya injin niƙan unguwarmu a Filinge ya lalace, sai wata maƙwabciya ta jawo turmi. Ina jin saukar taɓarya na ajiye abin da ke hannuna. Kakata ce ta faɗo mini a rai.

Kada ka kira ta zabiya, da ta ji sai ta wanke ka tas. Ba ta taɓa waƙa a gidan biki ba. Waƙarta ta bakin turmi ce. Bayan girbi, in mata sun fita sussuka bayan gari, ƙaiƙayi na cin wuya, ita ke bayarwa su amsa. Namijin da ya gudu daga noma, ko ya sayar da hatsin gida ya sayi rawani, da safe zai ji kansa cikin lugude. Kafin kasuwa ta zagayo, waƙar ta kai har garin Bonkuku. Maza na tsoronta, ni kuwa gani nake ko hadari ta yi wa tsawa zai dakata.

Wata shekara wani ma'aikacin rediyo ya zo ƙauyenmu daga Yamai da akwatin ɗaukar murya, takanas dominta. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ta. Ya ce murya yake so tsantsa, ba hayaniya, kuma motarsa za ta juya kafin la'asar. Aka shimfiɗa mata tabarma ƙofar gidan mai gari, aka sa ta ɗaura zanen Salla, gari duka ya taru. Ya miƙa mata ƙarfen magana.

Ta buɗe baki. Shiru. Ta yi gyaran murya, ta sake, abin da ya fito ko akuya ba zai tada ba. Na ga hannuwanta bisa cinya suna buɗewa suna rufewa. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta sunkuyar da kai ba sai ranar.

Taubashinta, wanda ta sha sakawa a waƙa, ya ɗaga murya daga cikin maza: "Yau mi ya hwaru? Ashe bakin naki na bayan gari ne!" Aka kwashe da dariya. Baƙon ya dubi rana, ya fara naɗe wayar akwatinsa.

Gwaggona ce ta miƙe. "Ke ɗiya, tashi mu tahi," ta ce mini. Muka gangaro da turmin gidanmu har gaban mai gari, inna ta biyo da taɓare da damin gero. Baƙon ya durƙusa ya ajiye ƙarfen gindin turmi.

Kakata ta tuɓe mayafi, ta ɗaure ƙugu, ta tofa yawu a tafin hannu. Taɓarya na sauka murya ta tashi. Wallahi har a ƙirjina na ji ta. Ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, mata suka amsa. Da taubashin nan ta fara: ta ce gonarsa ciyawa ta yi tsawon da raƙumi zai ɓace ciki. Mai gari ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Motar ba ta tashi ba sai bayan magariba.

Da damina ta faɗi, muka ji ta a rediyon mai gari, taubashin nan na tsaye yana ta faɗa wa baƙi, "Ni ne mai gonar!" Ita kuwa cewa kawai ta yi, "Turmin ya hita da kyau."

Ba na kewar daka, kafaɗuna sun san abin da suka sha, kuma wanda ya ce mata su koma turmi ya fara ɗaukar taɓarya da kansa. Amma jiya na tsaya jikin katanga ina jiran in ji waƙa ta tashi. Maƙwabciyata ta dake geronta tas, ta kwashe, ta shige ɗaki. Ko baiti ɗaya ba ta rera ba.