Kujerar da Aka Yi wa Kafaɗa

Ruwa aka kwana ana yi, aka wayi gari da yayyafi mai sanyi, irin wanda mutum ba ya sanin ya jiƙe sai ya yi nisa. Lungun nan da ke hawa tudu ya yi santsi, matakalarsa ta siminti duk gansakuka. A ranar ce mahaifiyar Tela ta zame a bakin famfo ta karye a ƙafa. Mota ba ta shiga lungun, ko a yau ba ta shiga. Mutane suka taru ana ta sannu, ba wanda ya san abin yi. Sai wani sabon ɗan haya da ya tare a ɗakin ƙarshe ya cire takalmansa, ya durƙusa, ya ce a ɗora masa ita. Ya sauka da ita har bakin titi bai ajiye ba. Da tsohuwar ta warke ta ce a kira mata yaron nan mai kafaɗa ta sa masa albarka. Sunan da ya bi shi ke nan har ya yi furfura.

Dako ne aikinsa a tashar manyan motoci. Ba shi da gona, ba shi da shago, jikinsa ne jarinsa, yana kuwa tattalinsa kamar yadda mai keke yake tattalin kekensa. Ba ya shan taba, ba ya cika ciki. Kullum da sassafe, kafin ya wuce tasha, sai ya hau tudun har gindin tankin ruwa ya sauko, wai don jini ya farka. Daga baya ya fara ƙwanƙwasa ƙofar Tela idan zai wuce.

"Tela, fito. Keken ɗinki ya cinye maka gwiwa, tumbi yana neman cinye sauran."

"Kai jaki ne a da, Allah ya mai da kai mutum," in ji Tela daga ciki. "Me na manta a kan tudu?"

"Ba komai. Ranar da za ka faɗi ni zan ɗauke ka, shi ya sa nake so in rage kayan tun yanzu."

Tela ya fito yana mita. Bayansa mai wanki da guga ya biyo, sai kafinta, sai wani tsohon direba da bayansa ya sanƙare. Matar Kafaɗa ita ma ta tara nata ayarin, suna fitowa idan yara sun tafi makaranta. Babu wanda ya kira abin da wani suna. A hanyar ne ake ganin kwatar da ta toshe a yashe ta. A nan ake lura da ƙofar da ba a buɗe ba, a leƙa a ga ko lafiya. Maƙwabta biyu da suka kwana da faɗa sukan fara shi a ƙasan tudu, kafin a kai tanki numfashi ya ƙare musu, faɗan ya bi shi. Shekaru masu daɗi ke nan. Duk wanda ciwo ya kayar ko naƙuda ta taso wa, an san bayan da zai kai shi titi, akwai kuma ƙarfafan da za su kama masa.

Wata rana a tasha buhu ya suɓuce wa Kafaɗa, hannunsa na hagu ya ƙi jin magana. Shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Likita ya ba shi magani, ya ce a rage masa gishiri, kuma ya riƙa takawa kullum, ko da dafa bango ne.

Mutanen lungu suka ji wannan suka girgiza kai. Suka ce likita bai san Kafaɗa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar iyayensu da matansu, yanzu kuma a ce ya tashi yana jan ƙafa suna kallo? Ina amfanin maƙwabtaka? Kafinta ya haɗa masa kujera mai hannuwa, Tela ya ɗinka mata matashi mai laushi, aka ajiye ta a ƙofar ɗakinsa inda inuwa take daɗewa. Ruwa a kawo, abinci a kawo. Da ya yunƙura zai tashi sai hannun wani ya sauka a kafaɗarsa.

"Zauna, Baba. Kai ka yi naka."

Matarsa ma haka. "Maigida, ka rufa mana asiri. In ka faɗi a matakalar nan wa zai ɗauke ka?"

Shi kuwa mutum ne mai kunya. Da zagi ne da ya san amsarsa, amma alheri ba a ture shi da hannu. Sai ya zauna. Yana ji ƙafar tana ƙara nauyi tana kuma ƙanƙancewa. Ɗan dako ya san igiyar da aka rataye ba a aiki da ita ta fi saurin ruɓewa. Yakan dubi matakalar da ta gangara titi, ya tambayi ransa ko zai sake taka ta da ƙafarsa, ko kuwa sai ranar da za a sauka da shi.

Hawan tudu kuwa ya mutu ba wanda ya yi masa jana'iza. Da ma ƙwanƙwasar ce take fito da su. Yau wannan ya makara, gobe wancan ya ce gwiwa. Kwata ta toshe ta zauna a toshe. Damina ta wuce, wata ta zo.

Ana nan, wata rana da tsakar rana Tela ya kife a kan kekensa na ɗinki. Maza huɗu suka ɗora shi a kan ƙyauren ƙofa suka nufi titi. Suka zo wucewa ta gaban kujerar suna haki, kowa na ja ta gefensa.

"Ku durƙusa da gwiwa, ba da baya ba," in ji Kafaɗa. "Kan ya zama ta sama. Kafinta, koma baya."

Sun ji shi, ƙarfin ne babu. Kowace kwana sai sun sauke sun huta, Tela yana kwance idonsa a kafe. Kafaɗa ya dafa hannuwan kujera ya yunƙura, ƙafar ta ce ba da ita ba. Ya koma ya zauna. Ranar bai ci abinci ba.

Allah ya yi da sauran kwana, Tela ya dawo, ya rame, riga tana yawo a jikinsa. Ya zo ya tsaya gaban kujerar yana dogara sanda.

"Ka ga an rage kayan," in ji shi.

"An rage, amma mai ɗauka ya lalace."

"Likita ya ce in riƙa takawa kullum."

"Ni ma abin da ya ce mini ke nan."

Tela ya kalli matashin da ya ɗinka da hannunsa, wanda zama ya lotsa tsakiyarsa. Kafaɗa ya miƙa masa hannun dama.

"Ɗaga ni."

Matarsa ta fito da sauri, mai wanki ya ajiye guga ya taho zai dafa kafaɗar kamar kullum. Tela ya tare shi da sanda.

"Ku ƙyale shi. Mun gwada hutun, ga inda ya kai mu."

Da ƙyar Kafaɗa ya miƙe. Gurgu ya riƙe majinyaci, majinyaci ya riƙe gurgu, suka ja jiki zuwa ƙofar da ke kusa, ta tsohon direba. Kafaɗa ya karɓi sandar Tela ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Fito. Ba ni da bayan da zan ɗauke ka yanzu, sai ka ɗauki kanka."

Iyakar tafiyar ranar ke nan. Washegari suka ƙara ƙofa ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin daminar ta ɗauke sun kai bakin famfo, da wasu tsofaffi a bayansu suna mita irin ta da. Ranar da Kafaɗa ya taka matakalar ƙarshe ya tsaya a bakin titi. Ya daɗe yana kallon motoci, sannan ya juyo.

Kafaɗa yana nan da ransa a ɗakin ƙarshe na lungun. Bai sake ɗaukar kowa ba, hannun hagun bai dawo ba, tudun ma ya bar wa masu ƙafa. Kullum da safe yana sauka titi da sandarsa ya dawo, yana ƙwanƙwasa ƙofofi a hanya. Kujerar tana shagon Tela, masu jiran ɗinki ne suke zama a kanta.