Layin Bature da Jigidar Inna

Shekarun baya, ba a daɗe da yanka mana jiha ba, Dutse tana ta cika da baƙin ma'aikata, ni ina kasuwar Jahun ina awon hatsi. A aji biyar na tsaya. 'Yan ajinmu da suka wuce suna sakatariya da biro a aljihu, ni kuwa mudu ne birona. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zo ƙasan rubutun nan yana gyara mini baƙaƙe.

'Ya ɗaya gare ni a lokacin, 'yar fari. Asalinmu Fulani ne, ko da yake shanun sun ƙare tun kan kakana, kunyar ce kawai ta rage mana gado. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban jama'a, ko faɗuwa ya yi a gabanka sai ka kau da kai. Da yaye ya zo aka kai ta wurin mahaifiyata a ƙauyenmu, ta wajen Kiyawa, kamar yadda ake yi.

Bayan 'yan watanni matata ta je gaida Inna, ta tarar masu rigakafi sun rataye sikeli a jikin bishiya suna awon yara, aka auna yarinyar. Da ta dawo ba ta ce mini komai ba, ita ma kunyar ta ɗaure mata baki. Ta ajiye mini tuwo, ta ajiye katin awon kusa da kwanon, ta shige ɗaki. Na duba. Layuka ne suka miƙe sama kamar hanyar hawa dutse, ɗigon yarinyar kuwa tun asali a ƙasa-ƙasa yake tafe, na ƙarshen ma ya zube ƙarƙashin layin.

Washegari na tafi babban asibiti da katin. Na sami wata sista mai ƙiba tana cin gyaɗa, na ce, "Sista, ni ma'auni ne. Mudun Jahun daban, na Kano daban. Wannan layin naku mudun wace kasuwa ne?"

Ta yi dariya. "Malam, yaran Amurka aka auna aka zana shi."

"To ni Ba'amurkiya na haifa? Kin ga ni, kamar sandar kiwo. Haka ubana yake. Me ya hana ku auna namu ku zana mana namu layin?"

Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ina so a yi. Amma idan muka shiga ƙauyenku muka auna duk yaran da ke can, har da waɗanda zawo ya tsotse, layin zai sauko ƙasa, kowa ya ci jarrabawa, har mai shirin mutuwa. Mudun da aka ƙwanƙwasa wa gindi ai bai ƙara hatsi ba. Kawo yarinyar in gan ta."

Maganarta ta zauna mini, amma ban yarda duka ba. Na hau mota na tafi ƙauye.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe, ƙannena biyu suna gindin rumbu. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce an ce yarinyar nan ba ta kai awo ba.

"Wace yarinya?" in ji ta. Ta sani sarai.

"Ta wurinki, Inna."

"Yau na ga abin da ya ishe ni. Ku duka ni na yaye ku, wa na rataye a bishiya kamar nama? Mu ba ma ƙiba. Bature mai cin abincin gwangwani ne zai gaya mini girman ƙawata? Awona yana ƙugunta. Jigidar nan da hannuna na ɗaura mata ranar da aka kawo ta, yatsa ɗaya ke shiga."

Ɗaya daga ƙannena ya ce, "Yaya ya zama likita. Aji biyar ya yi rana." Suka kwashe da dariya.

Gaskiya a lokacin na fi karkata ga Inna. Ita ta san jininmu, layin nan bai san mu ba. Har na fara neman takalmina, sai ga yarinyar ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ban kalle ta ba, ta gefen ido nake gani. Ta tako zuwa wurin kakarta, jigidar ta sulale daga ƙugunta, ta bi ƙafafu, ta zube a ƙasa. Ta tsallake ta ta wuce.

Awon Bature da awon Inna sun faɗi magana ɗaya.

Na tashi na ɗauke ta. A gaban mahaifiyata, a gaban ƙannena, na saɓa ta a kafaɗa. Ba ta kai nauyin tiyar gero ba a hannuna, ni da na saba ɗaga buhu. Inna ta ce, "Kai! Ba ka da kunya?" Na ce, "Na bar ta a Jahun, Inna." Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar.

A tasha wani dattijo ya ce, "Ba 'yar farinka ba ce wannan?" Na ce ita ce. A kasuwa an daɗe ana kirana mai goyo. Wasu masu kiran nawa sun binne nasu yaran da kunyarsu cif-cif, Allah Ya jiƙan yaran, su kuwa iyayen, ban ce komai ba.

A asibiti aka kwantar da ita. Tsutsar ciki ce da zawo, ga kokon da ake ba ta tsararo. Aka ba ta magani, aka koya wa uwarta dama kunu da gyaɗa da madara da ɗan manja. Ɗigon ya juyo ya fara hawa. Bai taɓa kai tsakiyar layukan ba, a ƙasa-ƙasan ya ci gaba da tafiyarsa. Sista ta ce, "Ƙyale shi, tunda hawa yake." Nan na san ni ma ban yi ƙarya ba da na ce mu sirara ne. Har yau siririya ce, da 'ya'yanta uku. An ce katin yanzu an sake shi, an auna yaran ƙasashe da yawa har da baƙar fata. Madalla. Ni abin da na riƙe shi ne, kowane mudu ka ɗauka, duba ko hatsin ƙaruwa yake ko raguwa.

Inna ba ta taɓa cewa na yi daidai ba har ta rasu. Amma da rani ta zo Jahun ganin ƙawarta, wato jikar tata, ta mayar mata da jigidar. Bayan damina, Inna ta sake dawowa, ta same ni a rumfa cikin mutane, ta jefo mini jigidar a cikin mudu.

"Nemo zare mai tsawo," in ji ta. "Wannan ya fara yanka 'yarka."