Motar da Inna Za Ta Hau da Ƙafarta

Ana sallame sallar asuba muka bar Matameye, ni da direba, bayan mota cike da bidojin ruwa da buhun hatsi ɗaya. Masu tambayar ina na shiga, to ƙauyenmu na je, can bayan Dungu, ɗauko tsohuwata. Rijiyar garin ta ƙafe tun farkon bazara, damina ba ta bar wa kowa komai ba, maƙwabtan da ke ɗebo mata ruwa a kan amalanke kuma sun fara ɗaure kaya. In suka tafi, daga ita sai awakinta biyu.

Bari in fara da zancen motar, don duk wahalar daga nan ta fito. Alhajin da nake yi wa gadin shago yana da kat-kat biyu, motocin nan masu shiga yashi. Ya saye su hannun wani porje, aikin taimakon ƙasashen waje, da ya tattara ya tafi bayan sojoji sun karɓi mulki. Kamfani ɗaya ya ƙera su, fentinsu ɗaya, daga nesa sai ka ce Hassana da Usaina. Sai ka matso ka durƙusa za ka ga ba ɗaya ba ne. Guda ta darekta ce, ta yawon gari: kujerun fata, sanyi a ciki, resor mai laushi (ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota), gajerun tayoyi, ga matakala a gefe. Gudar ta ma'aikatan daji ce, ba kwalliya ko kaɗan, resor kamar ƙarfen gado, tayoyi dogaye, ba matakala. Na auna da hannuna daga ƙasa zuwa ƙarfen cikin kowace, abin da ta daji ta ɗara bai cika taƙi ba. Amma a bakin ƙofa, tunda ba ta da matakala, hawanta kamar hawan katanga ne.

Alhaji ya ce in zaɓa. Na ce ta darekta. Direba ya dube ni ya ce, "Malam, wannan 'yar kwalta ce." Na ce na sani. Ba don kujerar fata na zaɓe ta ba, ni da ko a kan buhun gawayi ina barci. Bara waccan Inna ta zo likita ranar kasuwa, da za ta koma 'yan tasha suka ɗaga ta kamar buhu suka jefa bayan mota, zaninta ya zame, wasu marasa kunya suka yi dariya. Ta rantse ba namijin da zai sake ɗaga ta sai ranar da za a kai ta makwancinta. Na san halinta. In ba motar da za ta hau da ƙafarta ba ce, gara ta zauna ƙishirwa ta kashe ta.

A kan kwalta ba abin da zan ce da motar sai alheri. Ramuka take haɗiyewa kamar ba ta gan su ba, har na fara gyangyaɗi. A shingen jandarmomi aka duba takardunmu, aka leƙa bidojin don a tabbatar ruwa ne ba mai ba, tunda yanzu kowa da bido ake zarginsa. Wani ya ɗanɗana, ya ce mu wuce.

A Dungu muka karya da ƙosai da shayi. Ƙosan ya ƙanƙance, ka jefa uku a baki ba ka san ka ci ba, mai tuyar ta ce in tambayi mai wake. Fadamar da na sani shar da rake, bana sai ƙasa ta daddare, raken da aka kasa a bakin hanya siriri kamar karan dawa. Tiyar hatsi kuwa na tambaya, da aka faɗa mini kuɗin na juya na koma mota. Tsofaffi da mata ne a gindin bishiyoyi. Maza sun tafi cin rani, waɗanda rufe iyaka ya hana tafiya suna zaune suna kallon hanya.

Daga nan muka saki babbar hanya muka shiga yashi. Wanda bai san hanyar ƙauye ba, ga yadda take: amalanke da manyan motocin hatsi sun haƙa kwari biyu inda tayoyi ke bi, tsakiya kuma ta tashi kamar kunyar dankali. Motar daji tana bi ta bar tudun a ƙarƙashinta. Tamu kuwa dama gajera ce, ga nauyin ruwa ya danne resor ɗin nan mai laushi, har bayanta ya zauna kamar akuya mai ciki. Tun farko nake jin yashi yana gugar ta ta ƙasa, ina jin abin a haƙorana. Ba mu yi nisa ba ta hau tudun ta zauna daram. Direba ya taka, tayoyi suna juyawa suna watsa yashi, mota ko motsi.

Mun sauke bidojin duka. Mun yi haƙa da hannu da murfin kwano. Mun karyo geza mun shimfiɗa. Ta ɗan ja, ta sake zama, matakalar da na zaɓe ta dominta ta lanƙwashe. Wani Bafillatani ya zo wucewa da shanu da ake ƙirga haƙarƙarinsu, ya tsaya ya daɗe yana kallonmu, ya ce motar kyakkyawa ce. Na ba shi bido guda, ya yi godiya ya tafi. Direba bai ce mini "na faɗa maka" ba, Allah ya saka masa, amma yadda yake kakkaɓe wandonsa ya isa. Da rana ta take sai na hau tudu inda waya ke kamawa, na kira Alhaji. Ya yi dariya har ya ƙoshi, sannan ya turo ta daji da wani direban. Ta janye 'yar'uwarta baya kamar an ja ɗan maraƙi, aka juya da ita gida, mu muka mai da ruwanmu cikin doguwar. Nauyin da ya durƙusar da waccan, wannan ko a jikinta. Sai dai ƙugu ya faɗa mini, duk ramin da muka faɗa sai kaina ya gaisa da rufi.

Hanyar ta yi sauƙi, zuciyata ta yi nauyi. Motar da na guje wa ita nake kai wa Inna.

Da la'asar muka shiga gari. Rumbuna a buɗe, ba wanda ya damu ya rufe su. Mata suka taru da tuluna da robobi aka raba ruwan, ba hayaniya, kowa ya gaji. Na tarar da Inna ta ɗaure kayanta tun jiya: tabarma, tukunya, ƙullin tufafi, awaki a ɗaure. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta fito da sandarta, ta zagaya motar, ta tsaya a bakin ƙofa. Dandamalin ya kusa kai mata ƙugu. Ta juya wajen direba ta ce, "Yaro, ka faɗa wa wanda ya kawo ka, raƙumi ma durƙusawa yake yi." Ta koma ta zauna a kan tabarmarta.

Na ce a kawo kujera, ta yi gajarta. Wata ta ce a kifa turmi, Inna ta ce ba ta taka abin da ake daka abinci a ciki. Direba ya ce zai sace iskar tayoyi, muka duba, abin da za a samu bai wuce yatsu biyu ba, ga shi ba mu da famfo. Maƙwabcinmu ya ja ni gefe ya ce mu ɗauke ta kawai, ta yi fushin kwana biyu ta huce. Na ce ba da ni ba. Na zauna a gindin gawo, ban san abin yi ba, na fara lissafin kwana nawa ruwan da zan bar mata zai kai.

Can sai na ji ta tana yi wa akuyarta magana, da ƙarfi yadda zan ji: "Mutanen birni sun manta. Mu da muke tsofaffi, jaki ma a burtali ake tsayar mana da shi."

Burtalin garinmu, hanyar da shanu ke bi zuwa rijiya, kofato da iska sun cinye shi shekara da shekaru har ya zama kwari, gefensa ya yi gaɓa. Tun ina yaro nake ganin tsofaffi suna tsayawa a kan gaɓar su hau jaki, amma ban taɓa haɗa shi da mota ba. Direba ya gangara da ita ciki, ya matso da ƙofa jikin gaɓa. Da ta darekta ce da nan za ta kwana. Inna ta tako da sandarta, ta ɗaga ƙafa kamar mai tsallake dokin ƙofa, ta shiga ta zauna, ta gyara mayafi. Ba wanda ya taɓa ta. Awaki ne suka ba mu wahala.

Dare ya yi mana, Inna ta sauko a kan gaɓar, a can muka kwana, da hantsi muka sake gangarawa burtalin, ta sake hawa, muka kamo hanya. Da muka zo wucewa inda muka maƙale jiya, ta ga ramin da muka haƙa, ta tambayi direba wane mahaukaci ne ke neman ruwa a nan.

Sai da muka shigo Matameye na tuna akwai sauka. A ƙofar gidana akwai wani kwazazzabo da ruwan damina ya haƙa, shekaru ina zaginsa, ina kai ƙara wajen mai unguwa. Bana ko ɗigo bai gani ba. Na nuna wa direba shi. Ya gangara, Inna ta sauko da ƙafarta, matata ta karɓi sandar ta yi mata sannu da zuwa.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In za ka ari mota, durƙusa ka duba cikinta kafin ka duba kujera, ka kuma tuna kayan da za ka ɗora mata. Abin da bai cika taƙi ba ya cinye mini yini guda, zan kuma biya gyaran matakalar Alhaji. Inna tana ɗakinta, tana shan ruwa, tana ƙorafin cewa na famfo ba shi da daɗi. Kwazazzabon kuwa na je na faɗa wa mai unguwa a bar shi yadda yake, don in Allah ya kawo damina, Inna ta ce sai an mai da ita gida.