Ranar da Na Sayar da Ilu

Washegarin ƙaramar sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ya iso gidanmu na unguwar Anbariyya a Madina daga Yanbu riƙe da wata jakar leda. Mun zaci alewa ce. Da ya zazzage ta a kan tabarma sai ga huluna hana-sallah guda biyu, ja da shuɗiya, da wata ƙatuwar safar hannu ta fata, ƙwaya ɗaya tal. Inna ta taɓe baki ta ce, "A garin Manzo ka rasa tsarabar da za ka kawo wa yara sai hana-sallah." Ni aka ba jar hular. Shuɗiyar da safar kuwa Kawu ya miƙa wa Bandar, ɗan maƙwabcinmu, don baban Bandar ne ya samo wa Kawu aiki. Tun a wurin raina ya biya da safar nan.

Kawu direba ne a rukunin gidajen ma'aikatan matatar mai, kuma wasu Amurkawa biyu yake tuƙawa. Ya ce mutanen kirki ne, amma da zarar an taɓo zancen wani wasa wai shi besbol, sai su koma kaza da shaho. Kowannensu da ƙungiyar garinsu, ɗaya masu jar hula ɗaya masu shuɗiya, kuma gabar ta girmi kakanninsu. Asalinta, in ji Kawu, masu ja ne suka sayar wa masu shuɗi babban gwaninsu, shi kuwa ya tafi da albarkar gidan a ƙafarsa. Masu shuɗi suka yi ta kwasar kofi, masu ja suka shekara fiye da saba'in suna haɗiyar yawu. "Baki ne ya kama su," in ji shi, "wanda ya sayar da nasa ba ya ganin daidai." Mun ji labarin, amma jifa da gudun kawai muka ɗauka a ciki.

An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, mu kuwa sai muka shiga sharo ba shanu. Kafin mako ya zagayo yaran lungunmu sun rabu biyu, nawa da na Bandar. Da safe a aike ni layin mai gasa burodin tamis in sayo burodi da wake, in dawo in share soro, in shanya wa Inna dabino a kan buhu, duk hankalina yana wani kango da ke bayan baƙala, wato kantin unguwa, mai cike da baƙaƙen duwatsu. Ana idar da la'asar muke zubawa can. Ƙotar tsintsiya ce gorarmu, ƙwallon kuwa tsohuwar safa ce da muka cusa wa tsumma muka naɗe da salatif, silifa huɗu kuma su ne matsaya. Dokokin wasan rabi daga bakin Kawu, rabi daga wanda ya fi ƙarfin murya.

Abin da ya sa muke cin su kullum shi ne Ilu, ɗan Baffa ƙanen mahaifina. Ba su daɗe da zuwa daga Damagaram ba. Baffa yana aiki a wata gonar dabino a Aƙiƙ, Ilu yana zaune a gidanmu. Yaro ne siriri, ya girma yana korar tsuntsaye a gonar gero, shi ya sa in ya saki jifa sai dai ka ji iska. Larabci kuwa ko na sayen gishiri bai iya ba. Mu haihuwar Madina muna jin Hausa amma da Larabci muke amsawa, don haka ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Duk inda na sa ƙafa nan yake mayar da tasa, yana kirana Yaya alhali wata tara kacal na ba shi.

Wata Alhamis Bandar ya ja ni gefe ya ce zai ba ni safar in na ba shi Ilu. Da Larabci muka yi cinikin, a gaban Ilu, yana tsaye yana mana murmushi don ya zaci yabonsa muke yi. Har yau in na tuna murmushin nan sai in ji na tsani kaina. Bandar ya zare safar ya ba ni, ya kifa wa Ilu shuɗiyar hula. Ilu ya dube ni ya ce, "Yaya, laifin me na yi?" Na ji shi sarai, amma na amsa masa da Larabci na ce ya wuce, ya daina ɓata mana lokaci.

Daga ranar muka daina cin su Bandar. Ilu bai yi ƙorafi ba, bai kai ƙara wurin Inna ba, magana kawai ya daina yi mini. Tire ɗaya muke cin tuwo, shi a gefensa ni a nawa. In an aike mu canjo tukunyar gas, kowa ya kama kunne ɗaya mu je mu dawo ba uffan. A can wurin su Bandar ba mai amsa masa da Hausa, da hannu suke nuna masa inda zai tsaya, in an tashi ya taho gida shi kaɗai. Na sha shirya kalmomin ban haƙuri, girman kai ya hana ni, ina cewa gobe.

Kafin babbar sallah mai gonar ya sayar da gonarsa, ba a sabunta wa Baffa iƙama, takardar izinin zama, ba, dole suka haɗa kaya. Ranar tafiyarsu Inna ta ce in tsaya a yi sallama, na sulale na tafi kango, don muna da wasa. Ran nan muka ci su Bandar, tunda ba mai yi musu jifa, har na yi tsalle ina ihu. Da na dawo gida motar ta daɗe da tashi.

Yanzu otal ne a kan kangon, yaran unguwa kuma a waya suke wasansu. Na ji ma masu ja sun daɗe da karya bakin da ya kama su. Bara wani saurayi ya zo Umara daga Damagaram, ya neme ni, ya ce shi ɗan Ilu ne, mahaifinsa ya rasu da damina. Na tambaye shi me Ilu yake faɗa musu a kaina. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, gaskiya bai taɓa ce mana yana da ɗan'uwa a Madina ba. Kaka ce ta ba ni lambarka." A da ina da wanda zan roƙa gafara amma ba ni da baki. Yau ga bakin, mai yafewar ya tafi.