Saniya Goma Sha Ɗaya da Rabi

Ni fa ban nemi wannan wahalar ba. Ina zaman zamana a rumfar cajin waya a tashar Nguru, abokina ya zo ya tsaya a kaina da littafin lissafi, ido ja wur. Bafillatani ne, tare muka taso tun firamare. Ni na yar da biro kafin a gama sakandare, shi ya gama, amma lissafi ya shaƙe shi. Makarantar jinya yake so, kuma ba a shiga sai an ci lissafi. Ya faɗi, ya sake faɗuwa. Baffansa ya ce jarrabawar ranar Litinin a Gashua ita ce ta ƙarshe, in bai ci ba ya dawo ya ɗauki sandar kiwo.

Na ce, "Duk Nguru ni ka gani?"

"Kai kaɗai ka taɓa cin lissafi a ajinmu."

"Shi ma don ranar malamin na fama da ciwon ido ne."

Bai yi dariya ba. A nan na san abin ya kai maƙura.

Matsalarsa irin tambayar nan ce da ake ba ka labari, a ɓoye abu biyu, a ce ka nemo x da y. Littafin kuwa sai zancen tikitin sinima, na manya da na yara. Mutumin da ko ƙofar sinima bai taɓa gani ba! Na ce tashi mu je rugarku.

Mun tarar da shanu kwance a inuwa, zabi na tono a tsakaninsu. Na zaɓi gefe ɗaya, na bi da yatsa ina ƙirgawa. Kai talatin, ƙafa tamanin da huɗu.

"Shanu x, zabi y. Layin farko na kai ne. Na biyu na ƙafa, saniya huɗu, zabuwa biyu. Ninka na farko sau biyu, ka cire shi daga na biyu, zabi su tashi su bar maka shanu."

Ya durƙusa yana zane a rairayi, gumi na ɗiga ta hancinsa. Ya goge, ya sake. Yana cewa, "Wayyo, Litinin fa jibi ce."

Sai muka ji gyaran murya. Baffa ne. Wallahi na manta shaf Fulani ba sa ƙirga shanu, balle a nuna su da yatsa. A wajensu kiran asara ne.

"Wane ne ya kawo mini Babarbare yana lissafa mini dukiya?"

Akwai wasa tsakaninmu Barebari da Fulani, sai na laɓe a bayansa. "Haba Baffa, ubangidanka ne ya zo duba kayansa."

Ko murmushi. Ya dubi ɗansa ya ce, "Karatun ke nan? Gashuar nan an fasa."

Abokina ya zube yana roƙo. "Baffa, don girman Allah. Wannan kaɗai ta rage mini."

Ni na jawo masa. Na yi ta zuba, na ce zabi na fi nunawa, na ce ƙafa na ƙirga ba saniya ba, na ce mu 'yan boko x muke cewa don kunya. Tsoho ya ce ƙirga ƙirga ce.

Da na rasa mafita sai na ce, "To Baffa, tambaye shi nawa ya samu."

Baffa ya ɗaga masa haɓa.

Abokina ya sunkuyar da kai. "Goma sha ɗaya da rabi."

"Da me?"

"Da rabi, Baffa."

Tsoho ya kalli shanun, ya kalli ɗansa, ya kalli zanen ƙasa.

"Shiga mota ka tafi Gashua. Wanda ya samo rabin saniya a garkena ba zan ba shi sanda ba."