Ƙwayoyin Inna Uku a Lokacin Sahur

Ranar biyar ga watan azumi, shekarar da nake aji biyar na firamare, kakata Inna ta faɗi a gindin turmi da hantsi. Azumin damina ne, maza duk suna gona wajen maimai, ni kuma ina bakin rumbu ina wasan carafke, na bar tsakin kaji a tasa ban watsa musu ba. Na ji taɓarya ta bugi ƙasa, da na waiga sai na ga Inna kwance, ɗankwalinta ya zame, idanunta a lumshe. Ban san lokacin da na kai gona ina kiran Baba ba.

Inna tana da hawan jini, kuma a asibitin Dutsin-Ma an ba ta wasu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, a sha safe da rana da dare. Da yake ni ce ƴar bokon gidan, ni ke riƙe da ledar maganin, ina kuma ji da kaina kamar ni na ƙera shi. Da azumi ya kama, Inna ta ce ita tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi don ciwo ba, ba kuwa za ta fara da furfura ba. Ni ce na kawo dabarar a haɗa ukun ta haɗiye da kunun sahur, tunda dai cikin ɗaya za su shiga. Har yaba mini ta yi. Kwana biyu ta yi ta fama da jiri da gyangyaɗi, muka ce wahalar azumi ce.

A kan babur aka ɗauke ta daga ƙauyenmu na wajen Makera zuwa asibitin, ni da Umma muka bi bayansu. Wata nas mai tabarau, wadda kowa ke kira Sista, ta auna jininta ta ce ya sauka ƙwarai. Da ta tambayi yadda ake ba ta maganin, sai na faɗi gaskiya ina kuka, don na riga na yanke cewa na kashe kakata. Ina jiran mari, sai ta jawo mini benci. Ta ce kowace ƙwaya da iyakar awannin da take aiki, in an haɗa su sai su taru su kayar da mutum. Ta ce laifin har da nasu, da ba su tambaya ba ko Inna za ta yi azumi. Inna, da robar ƙarin ruwa a hannu, ta buɗe ido ta ce, "Yo ɗiyata, ana tambayar tsohuwa ko za ta yi azumi?"

Sista ta yi magana da likita aka canza mata wani magani na sau ɗaya a rana. Ba ta sallame mu ba sai da ta sa na maimaita mata bayanin da bakina har sau uku: ba a haɗawa, ba a ninkawa in an manta, ba a ba maƙwabta, in an ga jiri a dawo. Inna ta rama azumin ranar, ta kuma ƙara ganin watan azumi sau tara a duniya, tana ta tsokanata da "Likitan Turmi".

Yanzu ni ma farar rigar nas nake sawa a asibitin Kurfi. Layin marasa lafiya ya fi na da tsawo, wasu ma a kemis suke sayen magani babu mai yi musu bayani, shi ya sa nake kewar natsuwar matar nan da ko sunanta ban riƙe ba. Allah ya saka mata da alheri. Duk tsohuwar da na miƙa wa magani a watan Sha'aban, sai na tambaye ta ko za ta yi azumi, ko da kuwa za ta harare ni.