Hasumiyar Katako da Saƙon Gwaggo

Shekarun baya, ina karatun zanen gine-gine a Lyon ta ƙasar Faransa, wata tsohuwar hasumiya ta ƙasar Sin ta hana ni sakat. A hoto na fara ganinta: katako zalla, hawa kan hawa, ɗaruruwan shekaru girgizar ƙasa na zuwa tana wucewa, ita tana tsaye. An sassaƙa wa kowane itace baki, wannan ya shige cikin wancan, nauyin rufi ya danne su. Ni da na tashi Maraɗi ina kallon azara da laka, na rantse sai na gane kan abin nan da hannuna.

Watanni na yi ina fiƙe 'yan itatuwa a gidan gwaggona a Rillieux-la-Pape, gefen Lyon, inda nake zaune, har na tayar da 'yar hasumiyata, ba ƙusa ba gam. Da ita zan je gaban malaman wata makaranta a Paris. In sun ɗauke ni, tallafin karatuna ya ci gaba, a sabunta min takardar zama. In sun ƙi, sai gida hannu rabbana.

Ranar tafiya da safe, na ɗaure hasumiyar a kwalina ke nan, Gwaggo ta leƙo.

"Ɗiyata, tunda Pari za ki, ga ɗan saƙo ki miƙa ma ƙawata Hajiya. Tana jiranki Barbès."

Ɗan saƙon nan buhu ne guda: kilishi, yaji, atamfofi, har da tukunya. Kun dai san mu, matafiyi ba ya ƙin saƙo, balle na wadda kake ci a hannunta. Na ce, "To, Gwaggo."

A jirgin ƙasa kwalin na kan cinyata, ko tari ban yarda na yi ba. Na iso unguwar Barbès ta Paris ranar kasuwa, jama'a ba masaka tsinke. Ina saukowa matakalar tashar metiro, jirgin cikin gari, buhu a dama, kwali a hagu, wani mai sauri ya bangaji buhun. Buhu ya fizge ni, kwali ya suɓuce. Ina kallo yana gangarawa, yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Girgiza hasumiyar take jurewa, ba wanda ya ce ta jure alkafura.

Na tsinci kwalina na ƙarasa wurin Hajiya, ita kuwa ta tare ni da gaisuwa. "Ina gajiya? Ya mutan Lyon? Ya sanyi? Gwaggon taki ƙafar ta yi sauƙi?" Ina amsawa, lokaci na gudu, hawaye na taruwa. Ta ji kwalin na ƙara, ta dube shi ta ce, "Mi ne na ciki, itacen asuwaki?" Na dire mata buhu na juya da gudu.

Sai a gaban malaman na buɗe. Tarin itatuwa ne kawai. Wata dattijuwa a cikinsu ta tambaye ni da Faransanci ko wannan ne aikin. Na ga kaina a filin jirgi zan koma gida, na ga fuskar mahaifina. Na sa hannu cikin kwalin, sai na lura ba ko ɗaya da ya karye. Zamewa kawai suka yi daga bakunan juna. Da na bi shawarar abokiyar karatuna na liƙe su da gam, da tuni sun tsattsage.

Na ce su ba ni tebur. Na shiga haɗawa ina bayani: wannan ginshiƙi, wannan shi ke tallafe rufi, ga dalilin da ba a matse su ba. Da na ɗora hawa na biyu, dattijuwar ta miƙe ta kama teburin ta girgiza. Hasumiya ta yi tangaɗi, ta yi 'yar ƙara, ta koma ta zauna daram.

Ta ce, "Ci gaba."

Da sakamako ya fito na kira ta a waya. "Gwaggo, sun ɗauke ni."

"Alhamdu lillahi. To tukunyar hwa, ba ta lotse ba ko?"

Har yau ban koyi ƙin saƙo ba. Na daɗe ina jin haushin buhun nan. Amma da hasumiyar ta isa lafiya, da kallonta kawai za su yi, ba za su ga hannuna a kanta ba. Yanzu tana falon Gwaggo, kusa da talabijin. In baƙi sun tambaya sai ta ce, "Albarkar saƙona ce." Na daina yi mata musu.